Filin Makanikai: Yadda Ake Gane Bulok ɗin 2JZ Mai Turbo Daga Maras Turbo

Tambaya: Assalamu alaikum. Injin Lexus GS300 ɗina ya buga, kuma tunda za a buɗe shi ina so in haɗa mai turbo gaba ɗaya. A kasuwar kayan mota an nuna mini wani bulok, wato gangar jikin inji, tsirara, babu tof (kan inji), babu karanshaf, aka ce na 2JZ-GTE ne, kuɗinsa ya kusa ninka na wanda ke gefensa. Na duba su biyun, ni dai ban ga bambanci ba. Ta ina ake ganewa? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba idonka ne ya gaza ba. Toyota ta fito da 2JZ-GE maras turbo da 2JZ-GTE mai turbo biyu a 1991 cikin motar Aristo, kuma asalin zubin bulok ɗinsu kusan guda ne: ƙarfen zubi, silinda 6 a jere, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin milimita 86, girma cc 2,997, kujerun karanshaf 7. Bambancin yana cikin aikin da aka yi wa bulok ɗin bayan an zuba shi, wato inda aka huda da inda aka bari a toshe. Don haka ramuka za ka bi, ba fenti ko siffa ba.

Fara da cire rai daga lambar inji. Tana gefen hagu, ɓangaren da iska ke shiga, can ƙasa kusa da inda bulok ya haɗu da kaskon mai. Abin da za ka gani shi ne 2JZ sai jerin lambobi. Ba a rubuta GE ko GTE a wurin ba. Amfaninta kawai ta tabbatar maka cewa 2JZ ne ba ƙanensa 1JZ ba. Duk dillalin da ya nuna maka wannan lamba ya ce ga shaida, bai nuna maka komai ba tukuna.

Shaidar da ba ta ƙarya tana ciki. A kifa bulok ɗin, cikinsa ya kalli sama, a wanke da kananzir da buroshin ƙarfe, ka haska tocila a gindin kowace silinda, daidai inda bangonta ya ƙare. A bulok ɗin GTE za ka tarar da ɗan ƙaramin bututu mai lanƙwasa, an ɗaure shi da noti ɗaya, bakinsa yana kallon cikin silinda. Guda 6 ne, kowace silinda da nata. Aikinsu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin domin ya rage zafin da turbo ke jawowa. Notin da ke riƙe da su ba noti ne na banza ba: rami ne a cikinsa, da ɗan bawul da ke buɗewa sai ƙarfin mai ya kai, saboda kada mai ya zube a banza lokacin da inji ke silo. A bulok ɗin GE babu su, kuma wurin da ya kamata su zauna yana nan da kaushin zubinsa, ba a goge ba, ba a huda ba.

Wani lokaci za ka tarar an kwance bututun an sayar daban. Wannan bai ɓata shaidar ba. Duba mazauninsu: idan akwai wuri shimfiɗaɗɗe da inji ya goge, da rami mai tiredi a tsakiyarsa, a dukkan silinda 6, to bulok ɗin ya taɓa ɗaukarsu. Sai dai ka cire kuɗin sababbi daga farashi, da notinsu, domin ba a toshe ramukan da kowane irin noti a ce an gama. Idan aka manta ko ɗaya a buɗe, ƙarfin mai zai faɗi tun daga tashin farko, mital, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya tafi.

Shaida ta biyu tana gefen dama, ɓangaren salansa. GTE na da ramuka 2 da ke fitar da mai zuwa turbo, ɗaya don na gaba ɗaya don na baya, tiredinsu M12 mai taku 1.25. A GE za ka ga tudun da aka zuba domin su, amma a rufe yake. Goge wurin sosai kafin ka yanke hukunci, domin daskararren mai da ƙura suna cika rami har ya yi kama da toshe, kuma waɗanda suka koma turbo ɗaya sukan rufe rami guda da noti. Zura siririyar waya ko ka hura iska: ramin gaskiya yana zarcewa har babbar hanyar mai.

Waɗannan biyun dole su zo tare. Ƙwararren mai injin huda ƙarfe na iya huda bulok ɗin GE ya sa masa bututun fesa mai, kuma idan ya iya aikinsa babu laifi a ciki, amma ba kuɗin GTE za ka biya ba. Alamar aikin baya ita ce ƙarfen wurin ya fi kewayensa haske, ko ka ga bututu a ciki alhali ramukan turbo na waje a toshe suke, ko akasin haka.

Wani abu da zai rage maka doguwar muhawara: Lexus ba ta taɓa sayar da mota mai 2JZ-GTE ba. GS300, IS300 da SC300 masu injin 2JZ duk GE ne a cikinsu. GTE ya fito ne a Aristo mai turbo da kuma Supra mai turbo ta 1993 zuwa 2002. Idan mai kaya ya ce daga GS300 aka ciro shi kuma na turbo ne tun daga kamfani, maganar ta karye a nan. Aristo dai ita ce GS300 ta kasuwar Japan, shi ya sa ake yawan cakuɗa su, amma ko a Aristo ɗin akwai mai GE.

Tambaya: Ni cikakken inji na samu, ɗan Beljiyam, da turbo a jikinsa. Mai shi ya ce ba za a kwance komai ba sai na biya. Me zan iya dubawa daga waje? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, turbo a jiki ba shaida ba ne. A Amurka da Japan an ɗora wa dubban injinan GE turbo daga baya, kuma irinsu suna shigowa cikin kwantena kamar kowane inji.

Duba tof da farko, don shi ne ya fi saurin magana. A GE, manifol ɗin iska yana hayewa ta saman inji, maƙogwaronsa ya zauna bisa murfin tof, har sai an cire shi kafin a kai ga fulogi na tsakiya. A GTE manifol ɗin yana gefen hagu gaba ɗaya, saman inji a buɗe yake. Tsohon GE, wanda ba shi da VVT-i (tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul), yana da distiributa a gaba ta ɓangaren salansa. GTE bai taɓa samun distiributa ba: na farko yana da kwayil 6, kowane fulogi da nasa, sannan mai VVT-i da ya fara a 1997 yana da kwayil 3 da wayoyi 3. Idan ka ga an rufe ramin distiributa da wani faifan alminiyam, tof ɗin GE ne aka gyara.

Matsalar ita ce tof ɗin GTE yana hawa bulok ɗin GE daram, noti 14 ɗin duk suna shiga. Don haka tof ya gaya maka asalin tof ne kawai. Sauka ƙasa ka bi bututun da ke kai mai zuwa turbo da yatsa har tushensa. Idan ya fito kai tsaye daga jikin bulok a gefen salansa, alama ce mai kyau. Idan kuwa ya zagayo daga ɗaya gefen, daga wajen filtar mai ko daga inda na'urar auna ƙarfin mai take, to wanda ya haɗa injin bai sami rami a gefen dama ba ne, kuma ka san dalili. A wajen filtar kuma GTE na da ɗan gwangwanin sanyaya mai da ruwa, da tiyo biyu a jikinsa, filta tana ɗaure a kansa.

Hanyar da mai ke komawa daga turbo tana jikin kaskon mai na sama, na alminiyam. A GTE rami ne na kamfani mai noti 2, a tsabtace. A GE tudun yana nan a rufe, masu ɗora turbo su ne ke huda shi ko su yi walda. Amma kada ka dogara da wannan, kasko abu ne da ake canjawa. Hasali ma sau da yawa dole a canja shi, domin na Aristo, GS300 da IS300 zurfinsa, inda mai ke taruwa, yana gaba, na Supra da SC300 yana can baya.

Idan akwai kyamarar waya da ake zurawa ta ramin fulogi, leƙa saman fistin. Na GTE yana da kwarmi mai zurfi, saboda matsinsa, wato ninkin da fistin ke matse iska a silinda, 8.5 ne, alhali na GE 10 ne, mai VVT-i kuma 10.5.

Duk da haka, mu a ganinmu kada ka biya kuɗin GTE ba tare da an leƙa ciki ba. Ba sai an taɓa tof ba. A juye mai, a kwance ƙaramin kaskon ƙarfe na ƙasa, a cire bututun tsotsar mai da faifan da ke samansa, a juya karanshaf da hannu kana haskawa. Ba za ka ga silinda 6 duka ba, amma biyu sun isa. Gam ne ke riƙe kaskon, ba gasket ba, don haka asarar mai kaya ba ta wuce gam ɗaya da rabin awa. Yi masa tayin ka biya wannan, ko ka ajiye kafin alƙalami a hannun shugaban layinsu bisa sharaɗin a buɗe a gabansa. Wanda ya ƙi wannan ma, bar masa kayansa. A lokaci guda ka duba gindin kaskon: ƙyalƙyalin garin ƙarfe mai launin tagulla yana nufin mital ya fara ci.

Tambaya: Na sayi bulok da karanshaf da fistin a ciki. Bututun fesa mai suna nan, ramukan turbo suna nan. Da makanike ya ɗora tof, sai bel ɗin tayimin na 2JZ ya yi masa yawa, ya ƙi ɗamewa ko da an saki tenshina duka. Ya ce bel ɗin ne jabu. Mun sayi wani, haka nan. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, a daina sayen bel. Alamu sun nuna bulok ɗin 1JZ-GTE ne a hannunka. Shi ne tarkon da ya fi kama waɗanda suka riga suka san zancen bututun fesa mai, domin shi ma na turbo ne, yana da bututun, yana da ramukan mai, faɗin silindarsa milimita 86 ne, kuma tof ɗin 2JZ yana zama a kansa. Inda suka rabu shi ne tsayi. 1JZ cc 2,491 ne, tafiyar fistinsa milimita 71.5, kwanrod ɗinsa, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, kusan milimita 125, alhali na 2JZ 142 ne. Daga tsakiyar karanshaf zuwa fuskar da tof ke zama, 2JZ milimita 219 ne, 1JZ wajen 195. Wannan gibin na milimita 24 shi ne bel ya tona: na 2JZ haƙora 143 ne, na 1JZ 137.

Tabbatarwa ba ta buƙatar wani babban ma'auni. A cire tof, a juya karanshaf har fistin na ɗaya ya sauka ƙasa ƙurmus, a auna daga samansa zuwa bakin silinda da baniya, ma'aunin milimita. Kusan 86 na nufin 2JZ, kusan 71 ko 72 na nufin 1JZ. Sannan a goge wurin lamba a karanta. Idan harafin farko ya yi kama da an taɓa shi, ko fuskar wurin ta yi ƙasa da kewayenta kamar an bi ta da garanda, an yi wa lambar aiki. Inji mai gogaggiyar lamba kuma matsala ce ta daban ranar da jami'ai suka nemi haɗa ta da takardun mota.

1JZ-GTE ba mugun inji ba ne, yana son juyi sama kuma yana da ƙarko. Idan ka yanke shawarar riƙe shi, ka nemo masa tof ɗinsa da bel ɗinsa da kwamfutarsa, kuma a mayar maka da bambancin kuɗi, domin farashinsa bai kai na 2JZ-GTE ba.

A wannan gaɓar a kula da wani ɗan gidan, 2JZ-FSE, da ya fito a 1999 cikin motoci irin su Crown. Shi yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, matsinsa ya haura 11, lambarsa ita ma 2JZ take nunawa. Ana gane shi da famfon fetur da ke zaune bisa tof da bututun ƙarfe da ke fita daga gare shi. Fistinsa da tof ɗinsa ba na aikin turbo ba ne.

Tambaya: Ina da IS300 ta 2002, injinta lafiya lau. Abokai sun ce in ba bulok ɗin GTE ba, da na sa turbo zai fashe. Dole ne in nema? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam, kuma abokanka sun nuna wurin da ba shi ne mai rauni ba. Kaurin bango da ƙarfin kujerun karanshaf na GE daidai suke da na GTE, karanshaf ɗin ma guda ne. Akwai manyan masu haɗa injin tsere da ke zaɓar bulok ɗin GE da gangan: suna sa fistin ƙirarre mai jure zafi, kuma sun fi son duk man ya tafi wajen mital maimakon a raba shi da bututu 6. Bututun fesa mai na da amfani ga fistin na kamfani a motar da ke doguwar tafiya cikin zafi da turbo a buɗe, amma rashinsa ba ya fasa bulok.

Raunin injinka yana cikin kwanrod. GE mai VVT-i, wanda ke cikin duk IS300 masu 2JZ da GS300 daga samfurin 1998, an rage wa kwanrod ɗinsa kauri. Idan ka ajiye shi kusa da na GTE za ka ga siranta da ido. Shi ne ke lanƙwashewa idan turbo ya turo ƙarfi da wuri a ƙaramin juyi, kuma lanƙwasasshen kwanrod ne ke huda bulok daga ciki, daga nan a ce bulok ne ya gaza. Tsohon GE mai distiributa kuwa kwanrod ɗinsa irin na GTE ne. Don haka kuɗin da za ka kashe neman bulok, ka sa su a kwanrod da fistin na GTE ko ƙirarru, su shiga bulok ɗinka.

Ga mai tsohon GE da ba ya son buɗe ƙasa, hanyar da aka saba ita ce gasket ɗin tof na GTE. Kaurinsa milimita 1.3 ne, na GE bai kai rabin milimita ba, kuma wannan kaɗai yana sauke matsi daga 10 zuwa wajen 9.2. Abin da ke kashe irin waɗannan injinan yawanci fetur ne da saiti: nozul da famfon fetur da ba su isa ba, ko kwamfutar da ba a daidaita ba, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa a ɓoye har bakin fistin ya karye. Da irin fetur ɗin da ba ka da tabbacin ingancinsa, a ja tayimin baya a rage iskar turbo. Ka kuma sani manifol ɗin salansa na GTE ba ya hawa tof ɗin GE, jerin notinsu ba ɗaya ba ne, kuma haƙoran da na'urar karanshaf ke karantawa sun bambanta: 12 a GTE na farko, 36 da aka cire 2 a masu VVT-i. Kwamfuta da faifan haƙora dole su zama 'yan gida ɗaya, in ba haka ba inji ba zai tashi ba.

Idan duk da haka ka ci karo da bulok ɗin GTE ka ce sai shi, lafiyarsa ta fi sunansa muhimmanci, domin waɗannan ƙarafa sun haura shekara 20, wasu 30, kuma akasarinsu sun sha wuya. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar bulok, a tsaye, a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada zura filageji, siririn ƙarfen auna rata, a ƙarƙashi. Abin da ya wuce milimita 0.07 sai an goge fuska. Auna kowace silinda a sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. Sabuwa tana kan 86.00 da ɗan ɗigo. Idan ka sami 86.5 an taɓa yi mata borin, wato faɗaɗa ta da inji, sau ɗaya, idan 87 ce an kusa cinye abin da ya rage, kuma fistin na kamfani ba zai zauna a ciki ba. Tsatsar da farce ke maƙalewa a cikinta, irin ta bulok ɗin da ya kwana da ruwan sama a silinda, honin, wato 'yar gogar bangon silinda, ba ya ɗauke ta.

Sai murafan kujerun karanshaf. Guda 7 ne, da lamba 1 zuwa 7 da kibiya mai nuna gaba, kuma an huda su ne suna ɗaure a jikin wannan bulok ɗin tun a kamfani. Murfin wani bulok ba ya maye gurbinsu sai an sake daidaita layin ramukan duka a injin borin, aikin da ba kowane mai injin ke da kayansa ba. Bulok ɗin da ya zo babu murafansa, ko aka tattaro masa su daga cikin buhu, ka lissafa shi a matsayin wanda bai cika ba. Duba kujera ta 4, inda mital ɗin da ke hana karanshaf motsi gaba da baya yake zama: idan gefenta ya ci ko ya yi shuɗi, karanshaf ya taɓa gogar ƙarfe. Kafin ka biya, ɗaura karanshaf mai kyau da sabon mital da ɗan mai, ka ɗaure murafan bi da bi daga tsakiya zuwa waje, niyuton-mita 44 sannan ƙarin kwana digiri 90, ka juya shi da hannu ɗaya. Idan ya kama a wani wuri ya saki a wani, ko dai murafan ba nasa ba ne ko layin ya karkace.